Bin Silsila: Yadda Ake Gano Illar Sadarwa Tsakanin Kwamfutocin Gida

(Kiɗan buɗe shiri)

 Shirinmu na faɗakarwa yana zuwa muku daga Narayi, a nan kudancin kogin Kaduna. 

Mas'alar da za mu tattauna a yau mas'ala ce da iyayenmu ba su san ta ba, amma ta zama ruwan dare a gidajenmu. Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya na'urori suke ta ƙaruwa a hannun mutane, har ya zamana gida ɗaya na talaka mai rufin asiri yana iya tara laftof ta maigida, da kwamfutar tebur da yara suke karatu da ita, da firinta, da wayoyi biyar ko shida, dukkansu kuma suna rataye a jikin ɗan akwatin nan mai fitilu da ake kira rauta. Muddin suna gaisawa da juna babu mai tunawa da akwatin. Amma ranar da ɗaliba ta so ta buga aikin makarantarta firinta ta yi gum, ko maigida ya nemi takardar da ya ajiye a ɗaya kwamfutar ya tarar kamar ba a taɓa halittar ta ba, to a ranar ne za ka ji wani yana zagin kamfanin waya, wani yana cewa rautar ce ta mutu a sayo sabuwa, wani kuma ya sunkuci kwamfuta sai shagon mai gyara, alhali kuwa babu ko ɗaya daga cikinsu da ya san inda illar take.

Abin da nake so in tabbatar muku a cikin wannan zama shi ne, galibin waɗannan illoli ba su bukatar kuɗi ko gwaninta mai zurfi. Tartibi suke bukata. Malaman hadisi, idan ruwaya ta zo musu, ba su yanke mata hukunci da zato, sai sun bi silsilar maruwaita ɗaya bayan ɗaya, suna tambaya shin wannan ya ji daga wancan, har su iske wurin da isnadi ya yanke. To saƙon da yake fita daga wata kwamfuta zuwa wata shi ma silsila gare shi: akwai wuta, akwai waya ko iska, akwai adireshi, akwai izini. Wanda ya bi su bi da bi, daga na kusa zuwa na nesa, zai kama mai laifi. Wanda kuwa ya yi ta tsallake yana taɓa nan yana taɓa can, sai ya ƙara wa Borno dawaki.

Kafin mu shiga silsilar, wajibi ne mu rarrabe abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Sadarwar cikin gida, wato maganar da kwamfutarka take yi da firintarka ta hanyar rauta, daban take da intanet, wadda take shigowa daga waje. Ku tuna ranar 14 ga Maris na 2024, sa'ad da wasu manyan wayoyin da suke kwance a ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Yammacin Afirka, intanet ta raunana a Najeriya da Ghana da wasu ƙasashe, har ayyukan wasu bankuna suka samu cikas; ku kuma tuna ƙarshen watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a wasu sassan jihar Kaduna saboda sha'anin tsaro. A duk waɗannan ranaku, gidan da sadarwarsa ta ciki take da lafiya yana iya aika takarda daga laftof zuwa firinta ba tare da wata tangarɗa ba, domin saƙon bai fita ƙofar gida ba balle ya isa teku. Saboda haka tambayar farko ita ce: na'ura ɗaya ce ta kasa, ko dukkansu? Waje ne aka kasa kaiwa, ko juna aka kasa gani? Idan kowa yana shiga intanet ban da kwamfuta ɗaya, to kamfani ba shi da laifi, illar tana jikin wannan ɗayar. Idan kuwa kowa yana ganin kowa amma babu mai fita waje, to a bar kwamfutoci su huta, a dubi layi.

Babi na farko shi ne wuta, kuma kada wani ya raina shi don sauƙinsa. A unguwanninmu, inda ake ɗauke wuta a kawo, a juya zuwa janareta, a koma inbata, rauta tana mutuwa tana farfaɗowa sau da yawa a wuni guda, ga ta kuma da bukatar minti ɗaya ko biyu kafin ta gama shiryawa. A dubi fitilunta. Idan dukkansu suna mutuwa lokaci guda sa'an nan su dawo, alhali wutar gida ba ta motsa ba, to a tuhumi adaftarta, musamman idan ta asali ta ƙone aka sayo wata a kasuwa don kawai bakinta ya shiga ramin. A ƙarƙashin rauta an rubuta ƙarfin wutar da take ci, sau da yawa volt 12, da kuma adadin amfiya. Adaftar da ta gaza wannan adadi za ta kunna fitila, amma da zarar aiki ya yi nauyi sai rautar ta suma. A kuma ɗora mata tafin hannu: idan ta yi zafi rau, kamar yadda yake faruwa a watan Maris da Afrilu ga wadda aka cusa cikin kabad ko aka ɗora a kan dikoda, sai a fito da ita ta sha iska, a kakkaɓe ƙurar hunturu da ta toshe ramukanta.

Babi na biyu shi ne hanya, wato waya ko iska. Ita wayar da ake sokawa a bayan kwamfuta, wadda asalinta yake komawa ga aikin Robert Metcalfe da abokansa a Amurka a shekarar 1973, idan ka zare ta ka ɗaga kanta a haske za ka ga siraran wayoyi takwas masu launi daban daban sun jeru a cikin roba mai haske, da ɗan harshe a bayanta wanda yake yin ƙas idan ta zauna daidai. Wannan ɗan harshe shi ne abin da ya fi karyewa. Idan ya karye, wayar za ta zauna a raminta kamar lafiya lau, amma da an ja tebur wajen shara sai ta saki. A gefen ramin galibi akwai 'yar fitila: idan tana ci tana ƙiftawa, hanya a buɗe take; idan duhu ne, sai a canza rami a jikin rauta, in bai yi ba a canza wayar ɗungurungum da wata wadda aka tabbatar tana aiki. A bi jikinta da hannu, domin ɓera yana gaigayar wadda aka bi da ita ta cikin silin, ƙofa kuma tana datse wadda aka bi da ita ta ƙarƙashinta. Tsawonta kada ya wuce mita 100, wannan ita ce iyakar da aka gindaya mata.

Amma iska, wato Wi-Fi, wadda aka fitar da ƙa'idarta ta farko a 1997, ita tana tafiya ne bisa zango biyu da aka fi sani, na 2.4 da na 5. Na farko ya fi nisan tafiya da iya ratsa bango, sai dai cunkoso ya yi masa yawa; na biyu ya fi sauri, amma bango biyu na bulo sun isa su karya shi. Gidajenmu kuwa na siminti ne, da rufin kankare mai rodi a ciki, da ƙofofin ƙarfe, da tankin ruwa, dukkansu kuma maƙiyan wannan iska ne. Hujja mafi sauƙi ita ce ka ɗauki laftof ɗin ka tsaya da ita dab da rauta: idan magana ta daidaita a nan, to ka samu yaƙini cewa nisa ne ko shamaki, maganinsa kuma a ɗaga rautar sama a tsakiyar gida, a raba ta da lungun bayan talabijin. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, inda kowane ɗan haya yake da tasa rautar ko 'yar ƙaramar rautar nan da ake kira MiFi, sukan yi ta hayaniya a tasha ɗaya. Sai a shiga saitin rauta a zaɓi tasha ta 1 ko ta 6 ko ta 11, domin su ukun ne ba su hawa kan juna a zangon 2.4. A kuma sani cewa firintoci da yawa ba su jin zangon 5 ko kaɗan, saboda haka wanda ya kashe na 2.4 ya kori firintarsa da hannunsa bai sani ba.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda ake gano illar sadarwa tsakanin kwamfutocin gida, mun kuma wuce babin wuta da na hanya. Yanzu ga babi na uku, wanda shi ne zuciyar mas'alar, wato adireshi. Mai biro da takarda ya matso kusa.

Kowace na'ura da ta shiga sadarwar gida, rauta tana ba ta adireshi, lambobi ne kashi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, galibi kuma suna farawa da 192.168. Don ka ga naka a kwamfuta mai Windows, sai ka danna wurin nema ka rubuta cmd, wani baƙin allo zai buɗe, a cikinsa ka rubuta ipconfig ka danna maɓallin shiga. Layuka biyu ne abin bukatarka: adireshin kwamfutarka, misali 192.168.1.23, da kuma wanda aka rubuta Default Gateway a gabansa, wanda shi ne adireshin rautar kanta, sau da yawa 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, a wasu MiFi kuma 192.168.8.1. Ka rubuta su, ka je ɗaya kwamfutar ka yi haka nan, sa'an nan ka gwama. A gidajen da ba a sauya saiti ba, ƙa'ida ita ce kashi uku na farko su zama iri ɗaya, na huɗu ya bambanta.

Daga wannan gwamawa kaɗai illoli huɗu suke bayyana. Ta ɗaya, idan ka ga adireshi ya fara da 169.254, to kwamfutar ta nemi adireshi daga rauta ba ta samu amsa ba, sai ta laƙa wa kanta na jabu; koma babin hanya, ko ka kashe rauta ka kunna. Ta biyu, idan wannan tana 192.168.1 waccan kuma tana 192.168.8, to ba a sadarwa ɗaya suke ba ko da kuwa a tebur ɗaya suke zaune: ɗaya ta kama rauta, ɗaya ta kama MiFi ko wayar wani yaro da ya buɗe mata data jiya da dare, domin kwamfuta tana komawa ga duk sunan da ta taɓa sani ba tare da neman shawararka ba. Haka kuma yakan faru a gidan da aka jona rauta ta biyu don iskar ta kai ɗakunan baya, aka bar ta ita ma tana rabon adireshi. Maganinsa a kashe mata rabon, wanda a saiti aka rubuta DHCP, a soka wayar a ramin LAN, ta zama mai miƙa saƙo kawai. Ta uku, idan na'urori biyu suka ɗauki adireshi guda, kamar laftof ɗin da aka rubuta mata adireshi da hannu a ofis aka dawo da ita gida a haka, to za su yi ta ture juna, wannan ta samu waccan ta rasa. Sai a mayar da saitinta ga karɓar adireshi daga rauta.

Ta huɗu ita ce wadda ta fi damun mutanenmu, kuma ɗauke wuta ne sababinta. A ɗauka jiya rauta ta bai wa firinta adireshi mai ƙarewa da 5, kwamfuta kuma ta haddace shi. Da dare aka ɗauke wuta, da aka tayar da janareta wayar wani ta riga firinta shiga, aka ba ta 5 ɗin, ita kuwa firinta da ta makara aka ba ta 9. Da safe kwamfuta tana ta aika takarda zuwa 5, inda babu mai karɓa, mai gida kuma yana rantsuwa firinta ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau. A duba adireshin firinta a ɗan allonta, ko a sa ta buga takardar bayanin saitinta, za a ga bambancin. Magani mai ɗorewa shi ne a shiga shafin rauta, ta hanyar rubuta adireshinta a manhajar shiga intanet, a keɓe wa firinta adireshi guda na dindindin, ta yadda ko sau goma aka ɗauke wuta nata yana nan yana jiran ta.

Babi na huɗu shi ne gwaji, da wata 'yar manhaja mai suna ping wadda wani Ba'amurke, Mike Muuss, ya rubuta a 1983, har yau kuma da wuya a samu kwamfutar da ba ta da ita. A cikin baƙin allon nan ka rubuta ping, ka bar fili, ka rubuta adireshin rauta. Kwamfuta za ta aika ɗan saƙo sau huɗu. Idan layuka huɗu suka sauko kowanne yana farawa da Reply from, da ɗan lokacin da saƙon ya ɗauka a ƙarshensa, to tsakaninka da rauta lafiya. Idan kuwa ka ga Request timed out, an yi sallama ba a amsa ba. Ka bi tartibi: rauta tukuna, sa'an nan ɗaya kwamfutar ko firinta, sa'an nan 8.8.8.8, wanda adireshi ne na kamfanin Google a waje, daga ƙarshe kuma sunan wani shafi da ka sani. Inda amsa ta fara yankewa, nan ne illar take. Idan lambar waje ta amsa amma suna ya ƙi, to hanya lafiya lau, mai fassara suna zuwa lamba ne ya gaza, wanda ake kira DNS, ana kuma iya sauya shi a saiti. Sai dai a kiyaye shubuha guda: kwamfuta mai Windows takan ƙi amsa ping da gangan saboda katangar tsaronta, don haka shirunta kaɗai ba hujja ba ce cewa hanya ta yanke.

Wannan ya kawo mu babi na biyar, wato izini. Ranar farko da kwamfuta ta shiga wata sadarwa takan ɗauke ta a matsayin ta jama'a, wato Public, kamar ta otal ko filin jirgi, sai ta ɓoye kanta kada baƙo ya gan ta. Wannan hikima ce a waje, amma a gida ita ce take hana 'yan'uwa ganin juna. A shiga saitin sadarwa a mayar da ita Private, a kunna ganin sauran na'urori da raba fayil da firinta, a kuma tabbatar cewa jakar da ake nema an buɗe ta ga wanda yake nema, da suna da kalmar sirri daidai. Idan an jona wata na'ura a sunan Wi-Fi na baƙi, to wannan an gina shi ne musamman don a shiga intanet ba tare da ganin na'urorin gida ba. Ina kuma yi muku nasiha: kada wani ya rushe katangar tsaro baki ɗaya don neman sauƙi. In an kashe ta don gwaji, a mayar da ita nan take, a buɗe ƙofar da ake bukata kaɗai. Cutar WannaCry da ta kama dubban kwamfutoci a ƙasashe da yawa a watan Mayu na 2017 ta tsohuwar hanyar raba fayil ta Windows ta bi.

Idan duk waɗannan sun inganta, waje kawai aka kasa kaiwa, to yanzu ne hujja ta tsayu a kan layi. A fara duba ko data ta ƙare, domin talabijin da sabunta manhajoji suna shanye ta a asirce. A matsar da rauta mai katin waya kusa da taga. A tambayi maƙwabci mai layi irin naka. Bayan haka sai a kira kamfani, in kuma an kai kuka ba a share hawaye ba, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, tana da lambar karɓar koke kyauta, 622.

Sauran ladubba uku. Na ɗaya, a sauya abu guda a lokaci guda, a gwada, sa'an nan a wuce; wanda ya sauya abu biyar tare, ko ya dace bai san me ya gyara ba, in kuma ya ɓata bai san inda zai koma ba. Na biyu, a bambanta kashewa da kunnawa da kuma danna ɗan ramin nan na bayan rauta da tsinke: na farko ba ya cutar da kome, na biyu kuwa, idan aka riƙe shi kamar daƙiƙa goma, yana shafe suna da kalmar sirri da duk saitin da aka wahala a kansa, saboda haka shi ne na ƙarshe a jeri. Na uku, a ajiye ɗan littafi a rubuta adireshin rauta da na firinta da kalmomin sirri, domin mai gyara ma, idan ta kai ga kiran sa, da wannan littafi zai taƙaita aikinsa, ladansa kuma ya yi sauƙi. A haɗa da rigakafi: damina idan hadari ya haɗo da tsawa a zare rauta da wayoyinta daga soket, a kuma sauya kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani. Shiga Wi-Fi na maƙwabci ba da izninsa ba kuwa cin haƙƙi ne, domin kuɗinsa ya sa ya saya, ko da kuwa ya bar shi a buɗe bisa rashin sani.

A taƙaice, jama'a, a fara da tambaya: ɗaya ce ko duka, ciki ne ko waje. Sa'an nan a dubi wuta, a dubi waya ko iska, a gwama adireshi, a gwada da ping, a dubi izini, a ƙarshe a tuhumi layi. A mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu yi bayani dalla dalla a kan yadda ake shiga shafin rauta a tsara shi, da yadda iyaye za su iyakance lokacin da yara suke ɓatawa a intanet. Mai tambaya ya aiko mana da ita, ya kuma ambaci irin rautarsa da adireshin da ya gani a allo, domin amsa ta zo daidai da matsalarsa.

 

(Kiɗan rufe shiri)